Yajin Kwana Ɗaya da Ya Kai Malaman New York Teburin Ciniki

A shekarar 1955 jaridar New York Times ta yi wani sharhi, ta jefa wa masu karatu tambaya: me zai sa saurayi mai hankali ya zaɓi koyarwa ya bar wankin mota? Lissafin a fili yake. Sabon malami a makarantun gwamnati na birnin New York yana ɗaukar dala 66 a mako, mai wankin mota kuwa yana tashi da dala 72 da 'yan kai. A birnin da kuɗin duniya ke kwana ke nan.

Albashin ma ba shi ne ya fi ci wa malaman tuwo a ƙwarya ba. Malamar firamare ba ta da lokacin cin abincin rana nata na kanta, a tsaye take ci tana gadin yara. Akwai masu tsaron ƙofar ban-ɗaki, akwai masu sintiri a filin makaranta lokacin sanyi don kada yara su jefi juna da dusar ƙanƙara. Shugaban makaranta in ya kira taro bayan an tashi, sai sa'ad da ya ga dama zai sallami mutane. Malami in ciwo ya kwantar da shi yini ɗaya, sai ya zo da takardar likita. Mace in ta sami juna biyu, dole ta tafi hutun da babu albashi. Wanda kuma aka zalunta, inda zai kai kuka shi ne ofishin wanda ya zalunce shi, ko na ubangidan wanda ya zalunce shi.

Cikin masu wannan aiki akwai wani dogon saurayi mai tabarau, Albert Shanker, ɗan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. An haife shi a 1928. Ubansa yana tashi tun tsakar dare ya tura amalanken jaridu gida-gida, kwana bakwai a mako, ba shi da ƙungiya, ba shi da hutu. Uwarsa tela ce a masana'antar ɗinki, kuma 'yar ƙungiyar ƙwadago. Yaron ya taso yana kallon bambancin a cikin gida ɗaya: ita awoyin aikinta suna raguwa, ladanta yana ƙaruwa, shi kuwa yana nan jiya i yau. Shanker ya karanta falsafa, ya fara digirin digirgir a Jami'ar Columbia, kuɗi suka ƙare masa, sai ya karɓi koyarwa a 1952 da niyyar ya ɗan tara abin da zai koma karatu. Bai koma ba. Ya sha ba da labarin wata rana da aji ya gagare shi, ya ga mataimakin shugaban makaranta ya buɗe ƙofa, ya ce a ransa taimako ya iso. Mutumin ya nuna masa 'yan guntayen takardu a ƙasa, ya ce wannan bai dace da malami ba, ya ja ƙofa ya tafi.

Mai karatu zai ce, to ina ƙungiyar malamai? Ai ƙungiyoyin ne suka yi yawa. An ƙidaya 106 a birnin. Akwai ta malamai 'yan Katolika, ta Yahudawa, ta 'yan Furotesta. Akwai ta kowace unguwa, ta kowane darasi, ta malaman firamare, ta malaman ƙaramar sakandare, ta malaman babbar sakandare. Kowace shekara lokacin kasafin kuɗi shugabanninsu kan yi layi a gaban hukuma, a ba kowa 'yan mintuna. Na sakandare ya ce a fifita su domin sun fi karatu, ya ƙara da ƙorafin cewa tun 1947 aka haɗe ma'aunin albashinsu da na firamare aka ci musu haƙƙi. Na firamare ya tashi ya ce kada a kuskura a taɓa wannan ma'auni. Hukuma ta saurara, ta gode wa kowa, ta yi abin da ta riga ta shirya. Ba ta buƙatar raba kan malamai, sun zo mata a rabe.

Doka ma tana bayan hukuma. A 1935 majalisar dokokin Amurka ta zartar da babbar dokar ƙwadago da ake kira da sunan Sanata Robert Wagner na New York. Ita ta ba ma'aikatan kamfanoni damar zaɓen ƙungiya ɗaya da za ta zauna da masu kamfani a yi cinikin albashi da sharuɗɗan aiki a madadin kowa, a rubuta, a sa hannu. Amma ta ware ma'aikatan gwamnati. Shugaba Franklin Roosevelt, wanda 'yan ƙwadago ke ɗauka uba, ya rubuta a 1937 cewa irin wannan ciniki ba zai dasu a aikin gwamnati ba. George Meany, babban jagoran ƙwadagon ƙasar, ya faɗi kusan haka a 1955. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Mai kamfani da kuɗinsa yake ciniki, gwamnati kuwa da kuɗin jama'a, kuma wakilan da jama'a suka zaɓa ne ke da ikon cewa ga yadda za a kashe su. A jihar New York an ƙara da bulala. Bayan malaman birnin Buffalo sun yi yajin aiki a 1947, majalisar jiha ta yi dokar Condon-Wadlin: duk ma'aikacin gwamnatin da ya shiga yaji ya kori kansa, in an sake ɗaukarsa babu ƙarin albashi shekara uku, kuma yana matsayin gwaji shekara biyar.

Sannan ga girman kan su malaman. Da yawa suna ganin ƙungiyar ƙwadago ta 'yan dako ce da maƙera da masu haƙar kwal, su kuwa masu ilimi ne, tsayawa bakin titi da kwali a hannu zubar da mutunci ne. Babbar ƙungiyar ilimi ta ƙasa, NEA, wadda aka kafa tun 1857, haka take koya musu, kuma shugabannin makarantu da daraktocin ilimi ne ke jan ragamarta. Wato ma'aikaci da ubangidansa a ƙungiya ɗaya, ubangidan yana kan kujera.

Wata ƙaramar ƙungiya ce, Teachers Guild, ta ƙi yarda da wannan. Mambobinta 'yan dubbai ne kawai. Shugabanta Charles Cogen gajeren mutum ne mai sanyin magana, ya karanta shari'a da tattalin arziki, ba wanda zai gan shi ya ce zai karya doka. Mai shirya mata jama'a, David Selden, shi ne mai dabara, kuma shi ya jawo Shanker da wasu samarin malaman ƙaramar sakandare, waɗanda ba su da tsufan da za su ji tsoron rasa fansho. Selden ya yi ta nanata musu abu ɗaya: a daina bin buƙatu ɗai-ɗai, a nemi kujerar da daga kanta ake neman kowace buƙata.

Damar ta zo daga inda ba a zata ba. A farkon 1959 malaman da ke koyar da azuzuwan dare a manyan sakandare suka ajiye aiki saboda ladan kimanin dala 12 da ake ba su a dare. Ba 'yan Guild ba ne, 'yan ƙungiyar da ke gaba da ita ne. Shanker da abokansa suka ce a je a taya su, suka tsaya tare da su cikin sanyi. Bayan 'yan makonni hukuma ta sauko, lada ya koma dala 24. Ba a kori kowa ba. Malaman birnin kaf suka ga abin da shekaru na roƙo bai kawo ba ya zo cikin 'yan makonni. A watan Maris na 1960 Guild ta haɗe da masu zafin cikin malaman babbar sakandare, aka haifi United Federation of Teachers, UFT a taƙaice, Cogen yana shugaba.

Sabuwar ƙungiya ta sa ranar yaji a watan Mayu. Babban daraktan makarantun birnin, John Theobald, ya yi alkawura, ciki har da na duba batun zaɓen ƙungiyar da za ta wakilci malamai, aka janye. Hutun bazara ya wuce, aka koma makaranta, shiru. An ruwaito Theobald yana cewa shi ba ya ciniki da 'yan gidansa. Malamai suka ji sarai inda ya ajiye su a cikin gidan.

Sai UFT ta sa sabuwar rana, Litinin 7 ga Nuwamba 1960. Wanda ya zaɓi ranar nan ya san siyasa. Washegari Talata ce ranar zaɓen shugaban ƙasa tsakanin John Kennedy da Richard Nixon, zaɓen da kowa ya san zai yi kankankan. Magajin garin New York ɗan jam'iyyar Kennedy ne, jam'iyyar kuma tana dogaro da 'yan ƙwadago su fito da masu ƙuri'a. Sunan magajin garin Robert Wagner, ɗan sanatan nan mai dokar 1935. Shi kansa a 1958 ya ba ma'aikatan ofisoshin birni damar ciniki, sai dai umarninsa bai shafi malamai ba domin suna ƙarƙashin Hukumar Ilimi. Shin ɗan Wagner zai kori dubban malamai a jajibirin zaɓe saboda sun nemi abin da ubansa ya ba ma'aikatan masana'antu?

Da gari ya waye, abin da aka gani bai kai yadda UFT ta yi fata ba. Kimanin malamai 5,600 suka ƙi shiga aji, wasu kimanin 2,000 suka aiko cewa ba su da lafiya. Malaman birnin sun haura 40,000. A makarantu da yawa, musamman na firamare, ko mutum ɗaya bai fita ba. Masu riƙe da kwalaye suna tsaye, abokan aikinsu suna wuce su suna shiga, wasu kansu a sunkuye. Theobald ya sanar da dakatar da dubbai. A bisa doka, kowane ɗayansu ya rasa aikinsa a safiyar nan.

Amma kora tana da nata lissafi. Waɗanda suka fita sun taru ne a ƙananan sakandare, inda aiki ya fi wuya kuma ba a samun masu so. Ina za a samo mutum dubu biyar a tsakiyar zango, a kan albashin da mai wankin mota ya raina? Dokar da aka yi don ta tsorata mutane ta yi tsanani har ba a iya aiki da ita. Harry Van Arsdale, shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagon birnin, wanda bai so yajin ba tun farko, ya shiga tsakani. Talata babu makaranta saboda zaɓe. Laraba kowa ya koma aji, ba a kori ko mutum ɗaya ba. Magajin gari ya naɗa kwamitin mutum uku su binciki koken malamai: Van Arsdale, da David Dubinsky, da Jacob Potofsky. Dukkansu shugabannin ƙwadago ne, na ƙarshen ma shi ne shugaban ƙungiyar teloli da uwar Shanker take ciki. Ba sai an yi duba ba kafin a san abin da za su ce.

Duk da haka sai da aka ƙara shekara guda ana jan ƙafa. A watan Yunin 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama: kuna son a riƙa ciniki da murya ɗaya? Mutum 26,983 suka ce e, 8,871 suka ce a'a. Cikin wannan bazarar badaƙalar kwangilar gine-ginen makarantu ta fashe, majalisar jiha ta rushe Hukumar Ilimi aka naɗa sabuwa, sabuwar kuma ba ta da sha'awar gadon rigimar tsohuwar. A watan Disamba aka yi zaɓen ƙungiyar da za ta riƙe wannan murya. NEA, wadda jiya take cewa abin zubar da mutunci ne, ta tattara ƙananan ƙungiyoyi ta shiga takara. Walter Reuther na ƙungiyar maƙera motoci ya sa aka turo wa UFT kuɗi da ma'aikatan kamfe. UFT ta sami 20,045, gamayyar NEA 9,770, wata tsohuwar ƙungiyar malamai, Teachers Union, 2,575.

Abin da aka ci a zaɓen nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan labarin. Daga ranar, Hukumar Ilimi ba ta da damar zaɓen wanda za ta saurara. Ƙungiya ɗaya ce ke magana da yawun kowane malami, ɗan ƙungiya da wanda ba ɗan ƙungiya ba, kuma wajibi ne ta kare su duka. Abin da aka amince a kai ana rubuta shi, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ba alheri ba ne da shugaba zai ba da yau ya karɓe gobe. In an saɓa, malami yana da matakan kai ƙara, daga shugaban makaranta zuwa sama, a ƙarshe a je gaban mai sasanci wanda ba yaron kowa ba ne. Sauran ƙungiyoyi ɗari da 'yan kai suka koma na zumunci da walima.

Aka zauna a tebur a farkon 1962, nan take kuma aka ci karo da abin da ya bambanta makarantar gwamnati da masana'anta. Wanda ke zaune a ɗaya gefen ba shi ke riƙe da jaka ba. Hukumar Ilimi ba ta karɓar haraji. Kuɗinta daga magajin gari suke zuwa, wani kaso daga gwamnan jiha a Albany. Hukuma ta ce ta yarda malamai sun cancanci ƙari amma abin da aka ba ta ke nan. Magajin gari ya ce gwamna ne ya riƙe kuɗin. Gwamna Nelson Rockefeller ya ce ya ba da abin da doka ta ce. Duk wanda ya bi labarin yarjejeniyar da gwamnatin tarayyar Najeriya ta sa wa hannu da ƙungiyar malaman jami'a a 2009, da yaje-yajen da suka biyo bayanta, ya san wannan rawa: mai sa hannu daban, mai sakin kuɗi daban.

Cogen da manyan ƙungiya suka nemi a ƙara haƙuri. Mambobi suka taru a wani babban zaure, aka yi ta ihu, aka kaɗa ƙuri'a, masu son yaji suka yi rinjaye da 2,544 a kan 2,231. Ranar 11 ga Afrilu 1962 malamai kimanin 20,000 suka fita, ninki uku da ɗoriya na waɗanda suka fita wata goma sha bakwai da suka wuce. Kotu ta ba da umarnin a koma. Kafin a kai ga ɗaure kowa, gwamna ya zauna da magajin gari da shugabannin malamai, aka sake duba yadda ake lissafa tallafin jiha, sai ga dala miliyan 13 da jiya aka ce babu su. Yarjejeniyar farko ta ba kowane malami ƙarin dala 995 a shekara, ƙarin da ba a taɓa gani ba a birnin, da matakan kai ƙara, da lokacin cin abincin rana ga malaman firamare ba tare da gadin kowa ba. Tsofaffin malamai mata da yawa wannan na ƙarshen suka fi tunawa.

Daga nan abin ya bazu da sauri. Jihar Wisconsin ta riga kowa yin doka a 1959, Kennedy kuma ya ba ma'aikatan tarayya wani ɗan yanki na wannan dama a Janairun 1962, amma New York ce ta nuna wa malamai cewa abin yana yiwuwa. Detroit, Philadelphia, Boston, Chicago, duk suka bi cikin 'yan shekaru. NEA ta ga mambobi suna zarewa, ta sauya hali, har reshenta na Florida ya jagoranci ajiye aiki na jiha baki ɗaya a 1968. Wasu jihohin kudu suka toshe ƙofa. North Carolina ta haramta irin wannan yarjejeniya tun 1959.

Da labarin ya tsaya nan, da ya yi daɗin bayarwa. Amma teburin da aka kafa kujeru biyu gare shi, ta hukuma da ta malamai, alhali yaran da ake magana a kansu suna da iyaye.

A tsakiyar shekarun 1960 fiye da rabin ɗaliban makarantun gwamnati na New York baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Puerto Rico. Malamai kuwa kusan tara cikin goma farare ne, galibinsu Yahudawa, shugaban makaranta baƙar fata sai an tona. Makarantun unguwannin talakawa sun cika maƙil, yara suna gama firamare ba su iya karatu ba. Iyaye sun nemi a gauraya makarantu, har yara sama da 400,000 suka ƙaurace wa aji a rana ɗaya a watan Fabrairun 1964, ba abin da ya sauya. Sai suka ce, tunda ba za a gauraya ba, a ba mu makarantun unguwarmu mu riƙe da kanmu. Magajin gari John Lindsay ya yarda a gwada, Gidauniyar Ford ta ba da kuɗi, aka ware gundumomi uku a 1967. Ɗaya ita ce Ocean Hill-Brownsville a Brooklyn, inda iyaye suka zaɓi kwamitinsu, kwamitin ya naɗa wani gogaggen malami baƙar fata, Rhody McCoy, ya shugabanci makarantun.

Shanker ya zama shugaban UFT tun 1964, kuma ba baƙo ba ne a gwagwarmayar baƙaƙen fata. Ya yi tattaki a Selma, ƙungiyarsa ta tura mutane babban gangamin Washington na 1963. Amma zumuncin ya fara tsami a wani yajin da UFT ta yi a Satumbar 1967, inda cikin buƙatun malamai har da ikon fitar da yaro mai tayar da hankali daga aji. Iyayen Brooklyn sun san 'ya'yan wa ake nufi. A wannan yajin ne aka fara gwada sabuwar dokar Taylor, wadda ta maye gurbin Condon-Wadlin: ta halatta ciniki ga duk ma'aikatan gwamnatin jihar, ta bar yaji a haramce, ta sauya kora da tara da ɗauri. Shanker ya yi kwana 15 a gidan yari.

Ranar 9 ga Mayu 1968 kwamitin Ocean Hill-Brownsville ya aika wa mutum 19 takarda, malamai 13 da shugabanni 6, cewa aikinsu a gundumar ya ƙare, su je hedikwata a san inda za a kai su. Kwamitin ya ce suna yi wa gwajin zagon ƙasa, kuma wannan sauyin wurin aiki ne kawai. UFT ta ce kora ce ba tuhuma, ba sauraro, wato ainihin abin da aka kafa ƙungiyar don a hana. Aka kai batun gaban Francis Rivers, tsohon alƙali kuma baƙar fata, ya ce babu hujjar da ta isa a kan malaman da suka tsaya a yi shari'arsu, a mayar da su. Kwamitin ya ƙi. Daga 9 ga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba UFT ta rufe makarantun birnin sau uku, kwanakin karatu 36, yara sama da miliyan ɗaya suna gida saboda rigimar gunduma ɗaya. A Ocean Hill kuwa makarantu a buɗe suke, da sababbin malamai matasa da kwamitin ya ɗauka, 'yan sanda sun kewaye ƙofa, iyaye a gefe ɗaya, masu yaji a ɗaya gefen, ana zagin juna.

Aka sami wasu takardu marasa sa hannu masu zagin Yahudawa a akwatunan wasiƙun malamai. UFT ta buga kwafi kusan rabin miliyan ta watsa a gari don mutane su gani. A ganina nan ne Shanker ya yi ɓarnar da ta fi kowacce daɗewa. Yana da gaskiya a kan cewa ba a raba mutum da aikinsa sai an saurare shi, kuma da ya bari an yi wa mutum 19, gobe da an yi wa 1,900. Amma ya ɗauki rubutun wasu 'yan tsiraru ya shafa wa unguwa guda, rigimar ƙa'idar aiki ta koma ta Yahudawa da baƙaƙen fata, mutanen da suka daɗe suna tafiya tare. Iyayen su ma suna da gaskiyar da ba a amsa ba. An rubuta yadda za a kare malami daga zalunci shafi-shafi, ba a rubuta ko layi ɗaya ba na inda uwa za ta je in ɗanta ya shekara shida a makaranta bai iya karanta sunansa ba. A. Philip Randolph da Bayard Rustin, manyan jagororin baƙaƙen fata biyu da suka goyi bayan ƙungiyar, sun sha zagi daga mutanensu.

UFT ta yi nasara. Jiha ta karɓe gundumar, aka mayar da malaman, dokar 1969 ta raba birnin zuwa gundumomi kimanin 30 masu ƙaramin iko, gwajin ya mutu. Shanker ya sake yin kwana 15 a kurkuku. A 1969 ɗin kuma ya yi wani abu da masu sukarsa ba su zata ba. Ya shigo da mataimakan malamai cikin ƙungiyar, galibinsu mata baƙaƙe da 'yan Puerto Rico daga unguwannin da aka yi rigimar, ya matsa wa fararen mambobinsa lamba su tsaya musu, aka samo musu ƙarin lada da hanyar yin karatu su zama cikakkun malamai. Dubbai sun bi ta wannan hanya.

Shekara bakwai bayan Ocean Hill, jakar da kowa ke faɗa a kanta ta wayi gari babu komai. A 1975 bankuna suka daina ba birnin New York rance. Aka sallami malamai da mataimakansu dubbai, aji ya koma ɗaukar yara arba'in da hamsin. UFT ta yi yajin kwana biyar a Satumba, kowane malami ya yi asarar ladan kwana biyu a kan kowace rana kamar yadda doka ta tanada, abin da aka samo kuma har da rage wa yara lokacin karatu minti 45 sau biyu a mako. Ko yarjejeniyar ma ba ta tsira ba. Jiha ta kafa wata hukumar gaggawa mai kula da kuɗin birnin, da ikon soke kowace yarjejeniya, ta kuwa ƙi amincewa da ta malamai.

Ranar Juma'a 17 ga Oktoba birnin yana da bashin dala miliyan 453 da dole a biya kafin a rufe banki, abin da ke hannu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Shirin ceto da Gwamna Hugh Carey ya haɗa ya rataya ne a kan dala miliyan 150 daga asusun fanshon malamai, a sayi takardun bashin da masu kuɗi suka guje wa. Wakilan malamai a asusun suka ce a'a, amanar tsofaffi ce. Lauyoyin magajin gari Abraham Beame suka shirya takardun bayyana karyewar birnin. Gwamna ya tura Richard Ravitch, wani attajirin magini da ke shiri da 'yan ƙwadago, ya nemo Shanker cikin dare. Aka kwana ana magana, aka ci gaba da safe. Shanker ya san in birnin ya karye, alƙali ne zai riƙe komai, kuma alƙali yana iya yaga yarjejeniyar malamai da fanshon gaba ɗaya. Bayan azahar ya amince. Aka riƙe ƙofar banki a buɗe har kuɗin suka shiga.

Da yawa daga malaman da aka sallama ba su dawo a shekarar ba, wasu ba su dawo ba har abada. Shanker ya ci gaba da riƙe UFT har 1986, ya kuma shugabanci uwar ƙungiyar ta ƙasa, AFT, daga 1974 har rasuwarsa a 1997. Tun daga Satumbar 1975 UFT ba ta sake fita yajin aiki ba.